Gawayin Curi na Mubarika

Duk wanda ya girma a layin masu walda na Moshi Zongo, a Tamale, ya san gidan gawayi. Ba sai an nuna maka shi ba. Ƙasar ƙofar gidan baƙa ce, bangon baƙi ne, kajin gidan ma da aka ƙyanƙyashe farare babu wanda ya taɓa ganinsu farare. A nan aka haifi Mubarika. Kakanta ya zo daga ƙasar Mosi da fataucin dabbobi, ya zauna bai koma ba. Mahaifiyarta, Mma Zuleiha, ita ta fara sayar da gawayi a ƙofar gidan, ta yi fiye da shekara talatin tana yi, kuma da shi ta ciyar da Mubarika da ƙanenta Jamaldeen.

Mubarika ba ta yi nisa a boko ba, aji shida ta tsaya. Amma tun tana ƙarama tana da wani hali da ke gajiyar da mutane: ba ta yarda da abu sai ta buɗe cikinsa ta gani. Ta taɓa kwance fitilar uwarta gaba ɗaya don ta ga ta inda lagwani ke shan kananzir, ta sha duka, washegari ta mayar da ita daidai. Da ta girma ta auri Majeed, direban babbar mota mai zuwa Kumasi, mutum mai sanyin hali da son barci idan yana gida. Suka zauna a ɗaki biyu na gidan gawayin, suka haifi 'ya'ya uku.

Mma Zuleiha ta rasu a shekarar 2018. Ta bar wa 'yarta rumfa, da mudu biyu, da masu saye da suka saba, da kuma wani abu da ba wanda ya so ya gada: tsibin garin gawayi a bayan gida.

Kowane buhu da lori ya sauke daga dajin wajen Buipe, a gindinsa akwai gari da ɓarɓashi. Hanya ce ke niƙe shi. Ba mai sayen gari, idan ka zuba shi a kurfoti ma kashe wuta yake yi. Saboda haka sai a kwashe a watsa bayan gida. Shekara talatin ana watsawa. Tsibin ya yi tsawo har awakin layin suka mayar da shi matakalar tsallake katanga.

Damina ta biyu bayan rasuwar Mma aka yi wani ruwa mai ƙarfi, gefen tsibin ya zabge, baƙin ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya cika tsakar gidan maƙwabta, ya ɓata musu shanya da tabarmi. Kwana biyu bayan haka sai ga duba-gari da hularsa. Ya zagaya tsibin sau biyu yana girgiza kai.

"Hajiya, na ba ki wata ɗaya," in ji shi. "Ki kwashe shi. Idan na dawo na tarar da shi, maganar ta bar hannuna."

"Mallam, ina zan kai shi?"

"Wannan kuma ke za ki sani."

Tana zaune a rumfa da yamma ta yi tagumi, sai ga Madam Emelia a kan babur ɗinta. Madam Emelia 'yar kudu ce daga bakin teku, malamar kimiyya a wata makaranta a Choggu. Ta fi shekara ashirin a Tamale, kuma tun zamanin Mma a gidan take sayen gawayi. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, kuma ba wanda ya taɓa iya gyara mata.

"Mubarika, me ya same ka? Fuskarka ba kyau yau."

Mubarika ta gaya mata. Madam ta leƙa bayan gida, ta dubi tsibin. Sannan ta ce gobe za ta dawo da wani abu.

Abin da ta kawo jakar takarda ce mai zanen nama a kan wuta. Ɗanta ne ya sayo mata a wani babban kanti a Kumasi. A ciki akwai wasu baƙaƙen dunƙule, duk girmansu ɗaya kamar an ƙirga su da ma'auni. Madam ta jera guda biyar a kurfoti, ta ƙyasta ashana ɗaya, ta kusantar. Nan take suka kama. Babu fifita, babu leda, babu kananzir.

"Masu gasa nama a gida su ke saye," in ji Madam. "Ka duba da kyau."

Mubarika ta ɗauki ɗaya da bai shiga wuta ba. Ta juya shi, ta shinshina, ta sa harshe. Sannan ta shiga ciki ta ɗauko taɓarya ta fasa shi a kan dutse. Ta murza ɓarɓashin tsakanin yatsunta, sai ta fashe da dariya.

"Madam, wannan ai gari ne! Gari ne aka cura!"

Tana cikin dariyar sai ta tsaya. Ta juya a hankali ta kalli bayan gida.

Washegari da safe ta fara. Ta tankaɗe gari da rariya, ta kwaɓa da ruwa, ta cura kamar fura, ta shanya a kan tsohon kwano. Da suka bushe ta ɗaga ɗaya, ya ruguje a hannunta. Ta sake kwaɓawa da yumɓu. Waɗannan sun yi ƙarfi kamar dutse, kuma kamar dutsen suka zauna a wuta, sun ƙi ci. Ta gwada da ragowar kokon safe. Sun ɗan riƙe, amma ƙamshin gero ya jawo awaki, kafin azahar sun tattake shanyar suna lasa, bakinsu duk baƙi. Matan layin suka yi ta dariya. Wata ta ce Mubarika ta fara dafa wa awaki tuwon gawayi.

Madam Emelia takan biyo duk bayan kwana biyu idan ta tashi daga makaranta. Ba ta san yadda ake yin abin ba, ta faɗa tun farko. Shawara ɗaya ta bayar.

"Kada ka canza abu biyu lokaci ɗaya. Ɗaya kawai. In ba haka ba, ba za ka san wanda ya yi aiki ba."

Mubarika ta riƙe wannan. Ta samo alli tana zana wa kowane layin shanya alama a bango.

Amsar ta zo ranar da take wanke kaftanin Juma'a na Majeed. Ta dama sitacin rogo ta tsoma rigar, da ta bushe ta tsaya ƙam kamar da mutum a ciki. Mubarika ta tsaya tana kallon rigar a kan igiya. Ba ta jira ta yi guga ba. Ta aika aka sayo mata garin kokonte, wato garin busasshen rogo, ta dama shi ruwa-ruwa a wuta, ta kwaɓa da garin gawayi. Ta gwada mudu biyar na gari da ɗaya na rogo, ta gwada takwas, ta gwada goma. Na goman ne ya yi. Ta jefar da ɗaya daga tsayin kafaɗarta, ya faɗi ya mirgina bai fashe ba.

Sai dai curin hannu sakwa-sakwa yake, yana cinyewa da wuri. Ta ɗauki guda biyu ta tsallaka layi wajen Zakir mai walda, wanda suka yi wasan ƙasa tare suna yara.

"Ina son abin da zai matse wannan fiye da hannuna."

Zakir ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube ta. "Yanzu kuma injiniya kika zama?"

"Kai ne injiniya. Ni dai matsewa nake so."

Ya yi kwana huɗu yana ƙorafi yana aiki. Ya yanka bututun ƙarfe gida shida ya jera su a kan faranti, ya ɗora tsohon jak na mota a ƙasa. A tsakiyar kowane bututu ya tsayar da siririn ƙarfe, don curin ya fito da rami iska ta riƙa ratsawa. Wannan dabarar ta Zakir ce, kuma har yau ba ya bari a manta. Da aka danna jak ɗin karo na farko, curi shida suka fito sumul, tsayin tafin hannu, kowane da raminsa. Majeed, da ya dawo daga tafiya a ranar, ya ɗauki ɗaya ya leƙa matarsa ta cikin ramin ya ce, "Lallai."

Da wata ya cika duba-gari ya dawo. Tsibin yana nan, amma an rufe shi da tamfol, an haƙa masa magudanar ruwa zuwa kwata, kuma tsakar gidan cike take da layin curi a kan kwano. Mubarika ta hura masa guda huɗu ta ɗora ruwan shayi. Ya sha shayin, ya zauna ya yi hira, ya tashi zai tafi wutar tana nan ja. Ya ce tunda ana cin tsibin ta gefe, zai ƙara mata lokaci. Ya tafi da guda goma a leda don matarsa ta gwada.

Wanda Mubarika ta fi so ya gwada shi ne ƙanenta. Jamaldeen mai gasa zabi ne a bakin titin Choggu, kuma ya yi suna. Daga la'asar ma'aikata ke tsayar da babura a gabansa, har baƙi daga Accra ana kawo su su ci zabon Tamale a wurinsa. Yajinsa shi yake dakawa da kansa. Wutarsa kuwa ba ya wasa da ita, da tafin hannu yake auna zafinta.

"Yaya, wutata ba wurin gwaji ba ce," in ji shi, ranar da ta fara kai masa.

Ta yi ta bin sa har ya yarda ya hura a gefe. Ya ga wutar ba ta tartsatsi, ba hayaƙi, kuma tana daɗewa. Amma ya yi kusan rabin awa yana fifita kafin ta kama.

"Abin yana da kyau idan ya tashi," ya ce yana share gumi. "Amma mai saye ba zai tsaya ina lallashin gawayi ba."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ta tsaya mata a rai. Na Kumasi ashana ɗaya ta ishe shi. Ta koma gida ta yi abin da ya fi sauƙi: ta tsoma kan kowane curi a kananzir, ta bari ya sha iska kwana biyu har ta daina jin warin. Ta ƙyasta ashana, ya kama fuu. Murna ta hana ta tunani. Ta cika buhu ta aika wa Jamaldeen, ba ta gaya masa abin da ta sa ba, kuma ba ta gasa komai a kai ta ɗanɗana ba.

Ana gab da kiran magariba ta ji tsayuwar babur. Jamaldeen ya shigo da tire, zabi goma sha biyu a kai, sun gasu sun yi ja. Ya ajiye a gabanta.

"Ci."

"Lafiya?"

"Yaya, ki ci."

Ta yagi tsoka ta sa a baki. Kamar ta tauna lagwanin fitila. Ta kasa haɗiyewa.

"Wani bawan Allah da ya shekara takwas yana saye a wurina ya tofar a gabana," in ji Jamaldeen. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. "Ya tambaye ni ko na fara wanke zabi da kananzir. Me kika sa?"

Ta faɗa masa. Ya dube ta, ya ɗauki tirensa ya fita.

Wata biyu ba ya shigowa gidan. Idan sun haɗu a wajen suna ko jana'iza zai gaishe ta yadda ya kamata, ta amsa, shi ke nan. Ta je har Choggu ta ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai ɗago kai daga kan wayar gashi ba. Mubarika ba ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi ba, ta san nata ne. Ta ci gaba da yin curi zalla, mata masu dafa wake da masu shayi suna ɗan saye. Maganar kamawa da ashana ɗaya kuwa ta ajiye ta.

Ana nan sai aka yi haihuwa a dangin Majeed a Kukuo, ta je taya aikin suna. Gidan na Mma Maltiti ne, gwaggon Majeed, tsohuwar da ta yi rayuwarta tana yin man kaɗe. Da sassafe Mubarika ta durƙusa ta gaishe ta da Dagbanci.

"Mma, dasiba."

"Naa, 'yata. Zo ki kama mini wannan tukunya."

Itacen ɗanye ne, Mubarika ta fara neman leda ko kananzir. Tsohuwar ta hana ta. Ta miƙa hannu ta ɓamɓaro wani abu mai ruwan ƙasa daga jikin bango, inda aka mammanna shi kamar waina, ta ɓalla gutsure ta cusa a ƙarƙashin itacen, ta sa ashana. Ya kama nan da nan, harshen wutar rawaya, ya daɗe yana ci har itacen ya ɗauka. Abin da ya fito ƙamshin suya ne.

"Mma, mene ne wannan?"

"Wannan? Abin da ke zama a gindin tukunya ne idan mun kwashe mai. Mu manna a bango ya bushe. Tun kakanninmu da shi ake hura wuta. Ke 'yar zongo ce, ba ki sani ba."

Mubarika ba ta san yadda aka gama bikin sunan ba. Da yamma ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da kwano cike da abin a cinyarta.

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta daka shi, ta haɗa da dusar katako da ta roƙo wajen kafinta, ta narka ɗan man kaɗe ta zuba, ta shafe kan curin da shi. Na farko man ya yi yawa, ya yi hayaƙi. Ta rage. Na biyu ya kama ya mutu kafin gawayin ya ɗauka. Ta ƙara dusar, ta cusa kaɗan a cikin ramin tsakiya. Na huɗu ne ya kama daga ashana, wutar ta bi ramin kamar ana hura ta, kafin minti goma curin ya yi ja. Ta kuma gano ba sai ta shafe duka ba. Guda uku masu shafi a ƙasa sun isa su tayar da kurfoti guda.

Daga nan gidan ya shiga makon gashi. Ta gasa doya, ta gasa masara, ta gasa burodi saboda shi ba ya ɓoye wari. Ta sayi nama ta gasa rabi a gawayin itace, rabi a curi, ta ba Majeed ba ta gaya masa wane ne wane ba. Ya cinye duka ya ce bai ji bambanci ba, amma a sake gwadawa gobe don a tabbatar. Madam Emelia ta ci ta ce, "Mubarika, wannan ka ci jarrabawa." Masu gasa masara da ayaba a bakin titi suka fara zuwa nema. Jamaldeen kaɗai ta kasa aika wa. Ta cika masa buhu sau biyu, sau biyu ta sauke.

A watan Satumba na shekarar da ta biyo, lokacin ritayar Madam Emelia ya yi. Tsofaffin ɗalibanta suka shirya mata walima a harabar makaranta ranar Asabar da azahar, suka ba Jamaldeen aikin gasa zabi ɗari da ashirin. Bai taɓa samun aiki mai girman haka ba.

Tun Laraba ruwa ya sauko bai ɗauke ba. Lorin gawayi ya maƙale a laka a hanyar daji. Abin da ke kasuwa duk ya jiƙe. Jamaldeen yana da buhu huɗu a rumfarsa, yana ganin ya tsira, sai da safiyar Asabar ya buɗe ya tarar rufin ya yi yoyo daidai kansu. Ya zuba a rabin durom ɗin da yake gashi, ya yi fifita har kafaɗarsa ta ƙage. Farin hayaƙi kawai ke tashi. Ga zabi an yanka an fige suna jira a baho, ga ƙarfe tara ta wuce.

Mubarika tana ɗaki tana shirin tafiya walimar, sai ta ji sallama. Ta fito ta gan shi tsaye a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Yaya."

"Shigo daga ruwan nan."

Bai shigo ba. "Gawayina ya jiƙe."

Ta juya ta ɗaga labulen ɗaki na biyu. Tun farkon damina ta kwashe kayan ɗakin ta mayar da shi ma'aji. Buhunan curi ne a jere a kan benci, sama da ƙasa, an naɗe kowane da leda, a bushe ƙarau.

Jamaldeen ya kalli buhunan, ya kalle ta. "Akwai kananzir?"

"Ko ɗigo. Man kaɗe ne da dusar katako. Ka gasa ɗaya ka ci da bakinka. In ka ji wani abu, ni da kaina zan tsaya a gaban mutane in ce laifina ne."

Ta cire mayafin walima ta ɗaura zanen aiki. Zakir ya tare musu motokin, mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka loda buhu shida suka rufe da tamfol. Ta hau baya ta zauna a kansu har Choggu.

A barandar makarantar an jera rabin durom uku. Wasu masu gashi biyu, abokan sana'ar Jamaldeen da ya kira su taya shi, suna tsaye sun harɗe hannu. Da suka ga abin da ake zazzagewa sai ɗaya ya yi tsaki.

"Da wannan tubalin za mu gasa zabi ɗari?"

Mubarika ta durƙusa gaban durom. Ta jera masu shafi a ƙasa, ta tsara sauran a kansu ramukan suna kallon sama. Ta miƙa wa ƙanenta ashana. Ya ƙyasta, iska ta kashe. Ya kare da hannu ya ƙyasta ta biyu, ya kusantar. Wutar ta kama, ta ratsa ramukan ɗaya bayan ɗaya. Mai tsakin ya ɗauki maficici, ta ce ya ajiye. Suka tsaya su huɗu suna kallo, ruwa na dukan kwano a samansu. Kafin kwata na awa duka durom ukun sun yi jajir.

Jamaldeen ya shimfiɗa tafinsa a sama da wutar. Ya matsa gefe ya sake aunawa, ya je ɗaya ƙarshen ya sake. Ko'ina zafin ɗaya ne. Ya ɗauki zabo guda ya shafa mai da yaji ya ɗora. Ya yi ta juya shi har ya gasu. Ya yagi cinya, ya shinshina, ya sa a baki, ya tauna a hankali idonsa a rufe. 

Ya buɗe ido. Ya yagi ɗaya cinyar ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya juya ya daka wa abokansa tsawa.

"Me kuke jira? Ku kawo bahon!"

Ƙarfe ɗaya saura aka fara fitar da tire. Ruwa ya tsagaita, mutane suka cika harabar, malamai da iyaye da tsofaffin ɗalibai, wasu da fararen kaya. Ba tartsatsin da ya taɓa rigar kowa, ba wanda ya matsar da kujerarsa saboda hayaƙi. Sau ɗaya kawai aka ƙara curi har aka gama. Madam Emelia, cikin kente da ɗankwali, ta baro babban tebur ta zo baranda da cinyar zabo a hannu, ta rungume Mubarika ba ta damu da baƙin zanenta ba.

"Ka gani? Ka gani?" take ta cewa, tana dariya tana share hawaye.

Mutumin da ya tofar da naman a bara yana cikin taron, ashe ɗansa ɗalibin Madam ne. Ya zo ya karɓi ƙari, ya tsaya yana leƙen cikin durom.

"Jamal, wannan wane irin gawayi ne? Daga Accra aka kawo?"

Jamaldeen ya ajiye wuƙarsa. Ya ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji.

"Daga Moshi Zongo. Yayata ce take yin sa da hannunta. Ga ta nan tsaye."

Kafin a watse, abokan nasa biyu sun tambaye ta kwatancen gida. Mai tsakin ne ya fara zuwa, ranar Litinin da sassafe.

Daga wannan damina abin ya bazu a bakin masu gashi. Masu cicinga, wato tsire, na bakin tasha suka zo, masu kifi suka zo, wani mai dafa abinci a otal ya aiko a ba shi buhu ya gwada, ya dawo da kansa. Suna ce masa gawayin curi, masu shafin kuma 'yan ashana. Mubarika ta ɗauki mata huɗu na layin aiki, har da wadda ta yi maganar tuwon awaki. Matan Kukuo suka daina manna abinsu duka a bango, suna tara mata a kwano, Mma Maltiti ce ke haɗawa. Madam Emelia ta koma garinsu a bakin teku, amma duk wata Majeed yana sauke mata buhu a Kumasi a ɗora a wata motar. Jamaldeen bai sake sayen gawayin itace ba. Yakan ce idonsa ya daina ja, matarsa ta daina cewa yana warin gobara.

Yanzu damuwarta ita ce gari ba ya isa. Tana karɓa wajen masu gawayi na Aboabo da Lamashegu, duk da haka injin Zakir yakan tsaya kafin la'asar. Saboda haka ta fara wani gwajin. Ta samo durom mai murfi, tana cika shi da totuwar masara da ɓawon gyaɗa da manoman gefen gari ke ƙonawa a banza, tana turara su har su zama baƙi ba tare da sun zama toka ba. Biyu na farko toka suka zama. Na uku rabi ya yi.

Makon jiya ta tsallaka layi da durom ɗin a kan baro. Zakir ya hango ta tun daga nesa ya ajiye abin waldarsa.

"Kuma me?"

"Ramuka nake so a gindinsa. Ƙanana, guda takwas. Da bututun hayaƙi a murfin."

"Takwas sun yi yawa, iska za ta cinye miki komai. Shida."

"To huda shida. In bai yi ba na dawo ka ƙara biyu."

Zakir ya sauke baƙin gilashinsa, ya ce ta riƙe masa durom ɗin kada ya motsa.